Baba Ya Rufe Gobara da Fenti

Mahaifina mai shafe ne da fenti, kuma haka kowa ke kiransa a unguwa, Mai Shafe, tun daga tsofaffi har yaran da ba su gama iya magana ba. Siriri ne, ɗan dogo, da 'yar furfura a haɓa. Tun da na buɗe ido ban taɓa ganin farcensa babu farin fenti a gefe ba, ko da ya wanke hannu da kananzir ya sa sababbin kaya. Ni ce autarsa. Yayyena duk aiki da aure sun kai su nesa, ni kaɗai na rage a garin, ina aiki a kantin magani, don haka duk rigimar gidan a kaina take sauka. Kuma ina da baki, ban ɓoye ba. Umma ta ce wai tun ina goye nake musu.

Baba yana da hali biyu da suka haɗu suka kusa hallaka mu. Na farko, ba ya iya ganin tabo a bango ya yi shiru. In ya je duba mara lafiya a asibiti, bakinsa na cewa sannu, idonsa na kan tsagar da ke saman taga. Malaminmu ya taɓa kiransa makaranta a kan faɗan da na yi, washegari sai ga shi da cokalin shafe da ɗan siminti a leda, ya cike ramin da ke gefen allo, ba wanda ya sa shi. Ranar na so ƙasa ta tsage in shige. A gidanmu kuwa ba a jingina da bango. Ka jingina ka ji "kai, ɗaga" daga inda ba ka zata ba.

Na biyu, tsoron ofis. Mutumin da ke hawa tsani har saman bene da bokitin fenti a hannu ɗaya ko gezau, amma a ce ya shiga banki ya zauna gaban mai tebur, sai gumi ya karyo masa. Karatunsa bai yi nisa ba, da yatsa yake bin layi. Kuma yana saurayi ya ga 'yan sanda sun zo da mota sun tafi da ubangidansa da ya koya masa aiki, a kan wasu kayan gini da aka ce sun ɓace. Daga baya an gano ba shi ba ne, amma mutumin ya fito hannunsa na rawa, bai ƙara riƙe cokali ba. Tun daga nan Baba ya sa a ransa cewa duk wanda ke zaune bayan tebur da biro yana iya ɗaure ka in ya ga dama, kana da gaskiya ko ba ka da ita.

Gidan shi ya gina shi, ɗaki-ɗaki, cikin shekaru masu yawa: ɗakinsu shi da Umma, ɗakinmu na yara, falo, da kicin a manne da bangon ɗakinsu. Ba shi da wata dukiya bayan wannan. Ni na matsa aka yi wa gidan inshora, bayan na ga wata mai sayen magani a wurinmu ta koma kwana a shagon ƙaninta saboda gobara. Baba ya ƙi, na yi ta naci, har na ja shi ofishin kamfanin kamar mai kai yaro allura. Ya sa hannu yana zufa. Ni nake biya duk shekara, shi kuwa ya manta da zancen.

Wutar ta tashi da rana tsaka. Wayar lantarki ce ta haɗu a cikin silin ɗin kicin, ta bi ta cikin rufi ta nufi ɗakinsu. Umma na tsakar gida tana shanya ta ga hayaƙi na fita ta ƙarƙashin kwano. Maƙwabta suka kashe lantarkin daga mita, suka yi ta zuba ruwa da bokiti. Kafin motar kashe gobara ta samo hanyar layinmu an riga an gama, suka leƙo daga bakin titi suka juya. Ba wanda ya ƙone. Amma Umma tana da asma, hayaƙin ya shige mata ƙirji, sai da aka kwantar da ita a asibiti.

Na isa gidan na tarar da kicin da ɗakin baƙi ƙirin, silin ya zubo, ruwan toka har idon sawu. Mutane cike da ƙofa ana jaje, samari sun ɗaga wayoyi. Baba ya fito da tsintsiya a hannu, ido jawur, ya ce duk wanda ya ɗauki hoton gidansa a haka bai yafe ba. "Gidan mai fenti ne," in ji shi. "A yaɗa a ce ga inda Mai Shafe ke kwana?" Suka sauke wayoyin. Na buga wa kamfanin, wata mai siririyar murya ta ce an rubuta, za a turo mai dubawa, ba ta ce yaushe ba. Daga nan na tare a asibiti wurin Umma.

Ita kuma Umma ba ta iya kwana a gidan kowa. Tun tana kan gadon asibiti take tambayar yaushe za ta koma ɗakinta, likita kuma ya ce kada ta kuskura ta shiga inda akwai warin ƙuna. Baba na tsaye ya ji. Ya gyara hularsa ya fita.

Ranar da aka sallame ta na kai ta gida a tasi. Na tura ƙofa, na tsaya cak. Gidan fari fat. Baba ya kwashe silin ɗin da ya ƙone da tarkacen duka, ya sa mai baro ya kai bola. Ya kankare baƙin hayaƙin har ya taɓo siminti, ya yi sabon shafe, ya buga sabon silin, ya bi da fenti kan fenti. Wallahi ko lokacin da aka gina ɗakin bai yi wannan kyan ba. Yana tsaye a gefe yana goge hannu da tsumma, ya rame, amma fuskarsa kamar wanda aka yi wa kyauta.

"Baba, katakon rufin fa?" na ce.

"Ya ci wuta," ya ce. "Babban da ya ratsa ɗakin ma ya ci. Amma zai riƙe. In kamfanin naki sun biya sai a ɗaga kwano a canja shi ta sama, ba sai an taɓa silin ba."

Umma ta hau gadonta ta miƙe ƙafa, ta ce yanzu ta dawo duniya.

Mai dubawar bai zo ba sai da fentin ya bushe sarai. Matashi ne mai tabarau da takalmi mai sheƙi, yana tafiya yana duba inda zai taka. Ya shiga kicin ya fito, ya shiga ɗaki ya ɗaga kai, ya shaƙi iska.

"Baba, a ina aka yi gobarar?"

Baba ya yi murmushi, ya ɗauka yabo ne. "Nan inda kake tsaye. Ai na gyara."

Ya tambayi hoto, babu. Ya tambayi takardar masu kashe gobara, ba su shigo ba. Ya tambayi abin da ya ƙone, yana bola, an ma kwashe. Kowace amsa sai ya latsa wayarsa ya rubuta, murmushin Baba na raguwa. Na ce masa maƙwabta duk sun gani, ya je ya tambaye su. Ya ce ai maƙwabci ba zai ƙi maƙwabcinsa ba. Na ce to ya hau ya duba katakon. Ya dubi silin ɗin, babu ko 'yar ƙofar leƙawa, Baba ya toshe ta don wai tana ɓata masa layi. Mai tabarau ya ce shi ba a aiko shi fasa gidan mutane ba, abin da idonsa ya gani zai rubuta. Na raka shi ƙofa ina gaya masa maganganu, ko a jikinsa.

Bayan nan aka kira mu ofishinsu. Ɗaki mai sanyi kamar firij, manaja mai ƙiba da taushin murya, har da tambayar jikin Umma. Baba ya zauna a bakin kujera, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Baba, mu ba mu ce ka yi ƙarya ba," in ji manajan. "Amma ka nemi a biya ka rufin gida, wanda muka aika bai ga ko ƙuna ba. Irin wannan fayil ɗin sashen binciken zamba ake miƙa wa, su kuma wani lokaci suna sa 'yan sanda a ciki. Ni ba na son abin ya kai can, ka haife ni." Ya turo takarda da biro. "In ka sa hannu nan cewa ka janye, mun rufe maganar, kowa ya huta."

Ina kallon Baba lokacin da ya ji an ce 'yan sanda. Leɓensa ya bushe nan take, hular ta zame ƙasa bai sani ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki biron. Ni ban san doka ba a lokacin, haushi kawai na sani. Na fizge biron na ce ba za a sa ba. Manajan ya ce 'yar'uwa ki yi a hankali. Na ce ba 'yar'uwarsa ba ce ni, kuma in gidan ubansa ne ya ƙone ya zo ya gaya mini a hankali. Na ɗauki hular, na kama hannun Baba muka fita.

A bakin matakala ya tsuguna. "Auta, kin kashe ni," ya ce. "Mutum ya buɗe mini ƙofar fita, kin rufe." Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Duk zafin da na ɗauko ya sauka, don ni ma ban san abin da na jawo mana ba.

Daga ranar Baba ya zama wani mutum. In mota ta tsaya a layi sai ya miƙe tsaye. In an buga ƙofa sai ya dubi Umma, ita ta je ta buɗe. Ya daina karɓar aiki mai nisa, wai kada a zo a tarar ba ya nan a ce ya gudu. Wata rana na je na ga leda a rataye bayan ƙofar falo, na buɗe, maganin hawan jininsa ne da riga ɗaya da silifa. Na tambaye shi, ya ce in an zo ba a ba mutum lokacin haɗa kaya. Abinci sai ya taɓa ya ture. Umma tana tsokanarsa, wai ɓarawon da ya saci gobara, ko zai yi dariya, bai yi ba, ita ma ta bari.

Ni kuma nawa tsoron daban ne. Hadari ya fara haɗowa da yamma, iska na kaɗa kwano. Ranar da aka yi ruwan farko ina gidan, na ji wani ƙara daga saman ɗakinsu, ɗan gajere, kamar an taka busasshen kara. Na shiga na ɗaga kai. Wata tsaga siririya kamar gashi ta bi silin ɗin daga tsakiya ta nufi saitin gadon. Na nuna wa Baba. Ya ce fenti ne ke shan iska, ya ɗauko tsani ya cike ta ya goge. Da na dawo bayan kwana kaɗan, ta sake buɗewa a wurin, ta ƙara tsawo. Ya sake cikewa.

Na roƙi Umma ta koma ɗakinmu na yara. Ta ce katifar can tana sa mata ciwon baya, kuma mijinta ya ce katakon zai riƙe, shekara nawa yana aikin nan. Na ce ta zo gidana. Ta ce in bar ta ta mutu a ɗakinta. Na ce ai abin da nake gudu ke nan, ta ce bakina ya sari ɗanyen kashi. Haka nake barin su in tafi aiki, ina miƙa wa mutane magani ina sauraron sama. Kuɗin canja katako da ɗaga kwano ba mu da shi, ni da yayyena mun lissafa mun sake lissafawa bai kai ba.

Mai kantinmu ne ya same ni a bayan kanta ina share hawaye da gefen mayafi. Da na ba shi labari ya ce ai akwai ofishin hukuma da ke sauraron ƙorafin masu inshora, kuma ba a biyan ko sisi. Ban gaya wa Baba ba, na je ni kaɗai.

Wata dattijuwa na samu, tana fifita da kwalin fayil don fankarsu ta mutu. Na fara zuba, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba, ta bar ni har na gaji. Sannan ta ce, "Kin gama? To zauna. Babanki ya yi kuskure."

Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Ya yi kuskure. In an yi ɓarna, abin da ake so mutum ya tare wurin kada ta ƙaru, ya ɗau hoto, ya jira a zo a gani. Shi ya share komai. Wannan zai iya sa ku rasa wani abu, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma kuskure daban, zamba daban. Wanda ya ce an yi masa zamba shi zai kawo hujja, ba a faɗa da baki a ɗakin sanyi don a tsorata tsoho. Sun ba ku dalilin ƙin biya a rubuce?"

Na ce a'a.

"Haƙƙinku ne, za mu sa su rubuta. Kun sa hannu a takardar janyewa?"

Na ce na fizge biron. Ta dube ni ta saman ido, ta ce yau dai rashin kunya ya yi rana.

Ta ce kuma ba dole ba ne mu tsaya a kan abin da mai dubawar kamfani ya rubuta. Muna da ikon neman wani injiniya wanda ba ya cin albashin kowa a cikinmu, ya zo ya duba a gaban kowa. Sai dai sai mai gida ya yarda da bakinsa, kuma sai an fasa silin. "Ki gaya masa gaskiya," ta ce. "In an buɗe an ga katakon ya ƙone yadda ya faɗa, magana ta ƙare. In an buɗe an ga ɗan baƙi ne kawai a sama-sama, to kun ba kamfani sanda."

Na kai wa Baba maganar yana zaune a tsakar gida yana wanke buroshin da ba shi da datti. Na zata fasa silin ɗin ne zai yi masa ciwo. Ashe ba shi ba ne.

"Auta, in an buɗe aka ga bai ƙone sosai ba fa?"

"Ba kai ka gani da idonka ba?"

"Na gani. Amma ido na hawaye na gani, ga wari, ga sauri, ina so in rufe kafin a sallamo ta. Ban tsaya na ƙwanƙwasa shi ba." Ya matse buroshin. "Wani lokaci in na rufe ido sai in gan shi baƙi ƙirin. Wani lokaci kuma sai in ga kamar hayaƙi ne kawai ya shafe shi. Tun da mutumin nan ya ce bai ga komai ba, ni ma na fara rasa abin da na gani."

Abin ya ba ni tsoro fiye da maganar 'yan sanda. Sun sa shi ya daina yarda da idonsa, mutumin da ke gane bango ya karkace tun daga tsallaken titi. Na ce masa in bai yarda ba ruwa na zuwa, Umma na ƙarƙashi. Ya ce zai riƙe. Na ce to in zai riƙe ai bai ƙone sosai ba ke nan, in kuma ya ƙone sosai ba zai riƙe ba, ya zaɓi ɗaya. Ya dube ni kamar na mare shi. Na ji ba daɗi, amma ban janye ba. Da la'asar ya kira ni ya ce in gaya musu su zo.

Kafin ranar ta zo ya ƙara lalacewa. Na ji shi yana tambayar maƙwabcinmu da ya hau ya zuba ruwa ko ya tuna yadda katakon yake. Maƙwabcin ya ce shi hayaƙi kawai ya gani.

Suka zo da hantsi. Injiniyan gajere ne mai sanƙo, ba ya yawan magana, da tocila da sukundireba a aljihun gaba. Mai tabarau ma ya zo a madadin kamfani, ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu. Injiniyan ya sa aka fitar da gadon da kayan ɗakin tsakar gida, Umma ta zauna a kan kujera a gindin bango da mayafi a hanci saboda ƙura. Ya ce zai kira lebura ya fasa. Baba ya ce a'a, shi ya buga, shi ya san inda ƙusa take.

Ya kafa tsani a tsakiyar ɗakin ya hau da guduma. Na riƙe masa tsanin. Ya shafa silin ɗin da hannu, ya nemo wurin tsagar da ya cike. Leɓensa na motsi. Ya ɗaga guduma ya sauke bai buga ba, ya sake ɗagawa. Bugun farko ya yi rami kamar bakin kofi. Baƙin gari ya zubo masa a fuska, warin ƙuna ya cika ɗakin kamar jiya aka yi wutar.

Na ji ya sauke numfashi. Wallahi har wani ɗan murmushi ya yi, baki da toka.

Ya ƙara buɗewa, ya ɓalle allo guda ya miƙo mini. Injiniyan ya ce ya sauko, ya hau da kansa ya haska tocila. Ya zaro sukundireba ya taɓa babban katakon, ƙarfen ya shige har mariƙi ba tare da ya danna ba.

"Kowa ya fita," ya ce, ba da ƙarfi ba. Ya sauko da baya a hankali, ya tura mu da hannu.

Muna bakin ƙofa muka ji ƙaran nan da na sani, amma wannan karon bai tsaya ba. Silin ɗin ya lotsa daga tsakiya, ya buɗe, guntun katako mai kaurin cinya ya faɗo da allunan da ke manne da shi. Ya daki ƙasa ya farfashe, gawayi ne zalla. Da ƙurar ta lafa sai ga shi kwance tsakanin tabon ƙafafun gadon da suka bari a kan siminti, ta wajen kai.

Injiniyan ya goge sanƙonsa. Ya ce katakon ya riga ya rabu tun ranar wutar, allunan da Baba ya buga da kyau su suka riƙe shi, iska mai ƙarfi ɗaya ta ishe shi. Ya dubi tabon ƙafafun gadon, ya ce, "Wa ke kwana a nan?"

Idona ya kai kan Umma a gindin bango.

Mai tabarau ya sauke hannunsa, ya ciro waya ya fara ɗaukar hoto, takalminsa ya yi baƙi bai kula ba. Ya matso kusa da ni ya ce a hankali zai rubuta abin da ya gani, maganar zamba kuma babu ita, rufin za a duba shi. Da a wata rana ce da ya ji amsa. Ban ko dube shi ba, na juya wurin Baba.

"Baba, an gani. Ba mai zuwa ya tafi da kai. Ba wanda zai ce ka yi ƙarya."

Bai ji ni ba. Gudumar na hannunsa har yanzu, yana kallon gawayin da ke ƙasa. Sai ya ajiye ta a bakin ƙofa, ya taka tsakar gida kamar mai koyon tafiya, ya je gaban Umma ya durƙusa. Ita ba ta ga abin da ya faɗo ba, ƙaran kawai ta ji.

"Mene ne?" ta ce. "An ga ƙunar?"

"An gani."

"To alhamdu lillahi. Ba abin da kake so ke nan ba?"

"Shi nake so," ya ce. "Tun da aka sa ranar nan ba abin da nake roƙo sai a tarar ya ƙone sosai. Ina roƙo, ke kuma kina kwance a ƙarƙashinsa. Ni na rufe shi a kanki da hannuna."

Umma ta sauke mayafin daga hanci. Ta leƙa ta bayansa, ta hango ƙofar ɗakin da ƙurar da ke fitowa, ta hango inda abin ya sauka. Na ga hannunta ya kama gefen kujera ya matse. Ta daɗe a haka. Sannan ta saki kujerar, ta ɗora hannun a kansa, ta fara kakkaɓe masa tokar da ke cikin furfura. Baba ya kifa fuskarsa a gwiwarta, kafaɗunsa na girgiza, a gaban injiniya da mutumin kamfani da maƙwabtan da suka leƙo ta katanga.